Ɗakin matuƙi a ƙaramin jirgi: me za ka saya, me za ka yanka da hannunka

Wanda ya zo kallon ƙaramin samfurin jirgin sama na roba da ka haɗa daga kwali, abin da zai fara yi shi ne ya sunkuya ya leƙa ta murfin gilashi. Fentin fukafukan da ka sha wahala a kai sai daga baya zai lura da shi. Kamfanonin da ke yin kayan wannan harka sun daɗe da gane haka, shi ya sa duk kwalin jirgin da ya fito kasuwa, kafin ka ce kwabo an jero masa kayan ƙari na ɗakin matuƙi iri-iri, wasu ma kuɗinsu ya kamo na jirgin kansa ko ya wuce. Mu da sai mun canza Naira ko Sefa zuwa Dala, mu biya kuɗin aike, mu zauna jiran kaya makonni, dole mu yi lissafi kafin mu tura kuɗi.

Hanyoyin da ake bi huɗu ne. Akwai siraran fallayen ƙarfe da ake zanawa da sinadari, akwai kayan rezin, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri, da ake zubawa a mazubi ko a buga da na'ura, akwai sitika mai tudu da ta shigo a 'yan shekarun nan, sannan akwai yanka komai da hannu daga fallen roba. Zan riƙa buga misali da jirgin yaƙi MiG-21MF a sikelin 1/48, wato an rage girman na gaske sau 48, domin jirgi ne da sojojin saman Najeriya suka yi aiki da shi tun tsakiyar shekarun 1970, kuma kwalinsa na kamfanin Eduard na ƙasar Cek, wanda ya fito a 2011, har yanzu ana samunsa.

Kafin komai, ka tambayi kanka ko murfin a buɗe za ka bar shi ko a rufe. In a rufe ne kuma sikelin 1/72 kake yi, riƙe kuɗinka. Agogon jirgi na yau da kullum, wato ma'aunin da matuƙi ke dubawa a allon gabansa, faɗinsa kusan milimita 80 ne. A 1/72 ya koma milimita ɗaya da ɗan ɗigo, a 1/48 kusan 1.7, a 1/32 kuma 2.5. Abin da da ƙyar ya wuce milimita ɗaya, a bayan robar gilashi mai kauri, a cikin ramin MiG mai ƙunci, fenti mai tsabta da madaurin kujera sun wadatar da shi. Duk abin da zan faɗa daga nan na wanda zai buɗe murfi ne a 1/48 ko 1/32.

Fallen ƙarfe shi ne tsohon hannu a cikin kayan saye, kuma Eduard ne sarkin fagen. Yana zuwa da launi a jikinsa, allon agogunan hawa biyu ne da ake ɗorawa, ga shi shafal a ambulan don haka aikensa ba tsada. Aibinsa ɗaya, shafe yake. Maɓallin da a jirgin gaske dunƙule ne a fallen ƙarfe zane ne kawai, kuma shuɗi mai ratsin kore da Rashawa ke shafa wa ɗakin matuƙinsu da wuya na jikin fallen ya dace da na kwalbar fentinka. In shi ranka yake so, kada ka saye shi daban, nemi kwalin da aka rubuta wa ProfiPACK, yana ciki tare da takardar rufe gilashi lokacin fenti. Wanda aka rubuta wa Weekend ba lallai ka same shi a ciki ba.

Rezin kuwa a hoto babu kamarsa. Aires da CMK na ƙasar Cek, da jerin Brassin na Eduard, da ResKit na Yukren, suna fitar da bangon ɗaki mai wayoyi da akwatuna da ido zai ƙoshi. Sai dai rezin yana da kauri, robar jirgin ma tana da kauri, kuma waje ɗaya suke takara a kai. Sau da yawa sai an kankare cikin jirgin har haske ya fara ratsa robar, a kankare bayan rezin ɗin shi ma, kafin ɓangarorin biyu su yarda su haɗu. Ƙurarsa kuma ba ta huhu ba ce, da ruwa ake goge shi, a rufe hanci.

Sitika mai tudu, irin ta Quinta Studio ta Rasha da Red Fox Studio ta Hungari da Kits-World ta Ingila, ta masu sauri ce: ka kankare allon jirgin ya zama sumul, ka jiƙa, ka manna da gam, an gama. Tana da kyau, amma ɗakinka da na duk wanda ya saye ta a duniya iri ɗaya ne, kuma launin da aka buga shi ke nan.

Ni dai nawa zaɓin yankan hannu ne, kuma a nan zan daɗe. Babban dalili shi ne abin da ka auna da kanka a cikin jirginka ba zai ƙi shiga ba. Kai ne ka sa ma'auni a tsakanin bango da bango, kai ne ka yanka, in ya yi yawa ka rage, in ya lalace ka jefar ka yanki wani, asarar ba ta kai ta ƙwayar ashana ba. Na biyu, sayayyar sau ɗaya ce. Fakitin rezin na MiG-21 na MiG-21 ne kaɗai, amma fallen roba ɗaya zai yi maka MiG, ya yi Alpha Jet na kamfanin Kinetic, ya yi Super Tucano na kamfanin Hobby Boss, har ya rage.

Robar da ake nufi sitirin ce, irin wadda aka yi jirgin da ita, shi ya sa gam mai narkarwa yake haɗa su su zama abu guda. Evergreen ta Amurka ita ce aka fi sani, sai Plastruct. Kaurin da za ka nema uku ne: 0.13, 0.25 da 0.5 na milimita, waɗanda a jikin leda za ka ga an rubuta .005, .010 da .020 na inci. Mai 0.5 na daɓe da bangon baya ne da duk abin da zai ɗauki nauyi. Mai 0.25 na akwatuna da allunan gefe. Mai 0.13 kuwa, wanda ya kusa zama takarda, na fuskar allon agoguna ne, kuma hattara da gam a kansa, ɗigo ya yi yawa sai ya narke ya yamutse. Ka haɗa da fakitin sanduna sirara, masu kusurwa da masu zagaye, domin yanka tsiri miƙaƙƙe mai faɗin rabin milimita da reza aiki ne mai cin rai.

Kayan aiki ba su da yawa. Askar tiyata mai lamba 11, wadda ake samu a shagunan kayan asibiti, Swann-Morton ta Shefil in an dace. Rula ta ƙarfe, matsefata mai tsinin baki wadda bakinta yake haɗuwa daidai, samfefa mai laushi, ɗan mahujin hannu da allurai daga 0.3 zuwa milimita ɗaya, da tabarau mai ƙara girma. Abu guda mai tsada da nake cewa a daure a saya shi ne mahujin da'ira, wato falle biyu masu ramuka da ƙusoshi masu girma daban-daban, a sa roba a tsakani a buga da ƙaramar guduma. Waldron ne tsohon suna a wannan, RP Toolz ta Hungari kuma ita ake yawan samu yanzu. Riba biyu gare shi: ramin da ya huda gurbin agogo ne, ɗan da'irar da ta faɗo kuma maɓalli ce. Kada ka zubar da ko ɗaya, tara su a murfin kwalba.

Ga yadda allon agoguna yake fitowa. Ka ɗora allon da ya zo a kwali a kan falle mai 0.25, ka zagaye shi da tsinin aska, ka yanka, wannan shi ne baya. Ka sake yankan irinsa a mai 0.13, wannan fuska. A kan fuskar ka ɗiga gurbin kowane agogo da tsinin allura kana duban hoton jirgin gaske, sannan ka huda, kuma ka fara da layin tsakiya ka yi waje, don in ka fara daga gefe kuskure yana taruwa har agogon ƙarshe ya rasa wuri. Ka fente fuskar shuɗin Rasha, ka bari ta bushe sarai. Ka ɗora ta a kan fallen bayan, ka yi alama ta cikin ramukan, ka ɗauke, ka manna fuskokin agogo a kan alamomin. Waɗannan fuskokin su ne abu na biyu da nake saye ba na jayayya: Airscale ta Ingila tana buga sitikar ruwa ta agoguna ɗai-ɗai, har da na jiragen Sobiyet, kuma takarda guda tana yin jirage da dama. Ka mayar da fuska a kai da farin gam, ka ɗiga ɗan gam mai bushewa garau ko ɗigon fenti mai sheƙi a kowane rami ya zama gilashi. Daga ƙarshe ka ja siririn farin layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar allon. Jiragen yaƙin Sobiyet suna da shi, alama ce ga matuƙi inda zai daidaita sandar tuƙi idan jirgi ya shiga juyi. Wanda ya san MiG shi zai fara nema.

Sauran kayan ma a gida suke. Wayar cikin tsohuwar cajar waya ko ta abin sauraro, in ka warware ta, silin tagulla ne da ya yi daidai da wayoyin bango. Wayar dalma ta masu gyaran rediyo tana lanƙwasa ta zauna inda ka ajiye ta, ita ce bututun iskar numfashi, in ka naɗe ta da silin tagulla sai ta fito da gaɓa-gaɓar nan ta bututun gaske. Takardar gwangwani mai kauri da ke rufe bakin gwangwanin madarar gari ita ce madaurin kujera: madauri mai faɗin milimita 45 zuwa 50 a jirgi, tsirin milimita ɗaya ne a 1/48, kuma yana kwanciya da lanƙwasa irin ta ƙyalle, abin da fallen ƙarfe ba ya yi sai da dabara. Sandunan robar da kayan jirgi ke maƙale a jiki kuwa, ka riƙe guntu a saman kyandir kana juyawa har ya yi laushi, ka janye daga wuta ka ja a hankali, zai miƙe ya zama zare. Jan sauri siriri, jan sannu mai kauri. Daga nan sandunan maƙura da ƙananan hannaye suke fitowa, ka ɗiga farin gam a kai ya zama ƙulli.

Wuri ɗaya nake sassautawa, kujerar tsira, wadda ke cilla matuƙi waje idan jirgi zai faɗi. KM-1 ta MiG-21MF, ko Martin-Baker Mk 10 ta Super Tucano, siffarsu tana da lungu da yawa kuma su ne suka fi fitowa fili idan murfi na buɗe. Kujerar rezin ita kaɗai ba ta da tsada, ba ta buƙatar kankare bango, ana zura ta ne daga sama bayan an gama komai. Wannan a saya. Ɗakin gaba ɗaya ne ban ga dalili ba.

Sai maganar yanayinmu, wadda masu rubutu daga Turai ba ruwansu da ita. Gam mai narkarwa irin Tamiya Extra Thin mai koren murfi yana tashi da sauri a zafin Maris da Afrilu, in ka bar kwalba a buɗe kana hira za ka ga ta ragu. Kuma da yake yana kama wuta, shaguna da yawa ba sa aiko shi ta jirgin sama, don haka ka tambaya kafin ka biya. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ɗigon gilashin agogo in ya sha ƙura ya tashi aiki, sai ka kife kofi a kai har ya bushe. Sufa-gulu kuma kada ya kusanci murfin gilashi, tururinsa yana barin farin hazo a jiki, farin gam na kafinta shi ne na wurin.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, jabu. Rezin ana satarsa. Mutum zai sayi na asali guda ɗaya, ya zuba masa robar mazubi, ya riƙa fitar da kwafi yana sayarwa a manyan kasuwannin intanet da hoton kamfanin asali. Wani mai shago a irin waɗannan kasuwanni ya taɓa aiko mini ɗakin matuƙi a 'yar leda ba kwali, takardar bayani kwafin inji ce da ta yi baƙi-baƙi. Jikin kayan yana maiƙo, an wanke da sabulu bai daina ba, fenti ya ƙi zama. Maɓallan allon gefe rabinsu ramukan kumfa ne, kuma da aka gwada shi a jirgi sai ga shi ya gaza, akwai rata ta kowane gefe. Dalilin a fili yake: rezin yana ɗan tsukewa idan ya daskare, na asali an yi lissafin wannan tun a wurin sassaƙa, kwafin kwafi kuwa tsukewa biyu ya yi. Da na yi magana sai ya ce in mayar da kaya a kuɗina, alhali kuɗin mayarwar ya fi na kayan. Sun san wannan lissafin sarai, da shi suke cin mutanen da ke nesa.

Tun daga nan ma'aunina na farko a kan kowane kaya shi ne ko ana iya yin jabunsa, kuma rezin ne ya fi faɗuwa a wannan jarrabawa. Alamomin da za ka duba ga su. Farashin da ya yi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, araha ba ta ado. Hoton talla da aka ɗauko daga shafin kamfani, babu ko ɗaya na kayan a hannun mai sayarwa. Ka ce ya ɗauko maka hoton kwalin da lambar kayan a jiki, in ya fara kewaye-kewaye ka wuce. Rubutu irin "ba kwali, don rage kuɗin aike" shi ma ƙararrawa ce. Shago ɗaya da ke da kayan kamfanoni goma duk a launin rezin guda, wannan mazubinsa ne a bayan gida. Lambar kaya kuma ka duba ta a Scalemates, rumbun da ke jera kwalaye da kayan ƙari, za ka ga hoton kwalin asali da kuma jirgin wane kamfani aka yi wa kayan. Wannan na ƙarshen ma kansa tarko ne ko da kayan na gaske ne: ɗakin da aka auna wa MiG na Eduard ba zai zauna a na Academy ko na Trumpeter ba sai da yaƙi.

Akwai kuma masu rubuta "MiG-21" kawai su yi shiru. MiG-21 iri-iri ne. Na farko-farko irin F-13 da PF murfinsu gaba yake buɗewa kuma kujerarsu daban, MF da bis murfinsu gefen dama yake buɗewa da kujerar KM-1, allunan agogo ma sun bambanta. Wanda bai rubuta harafin da ke bayan lambar ba, ko bai sani ba ko yana so ka saya ne a duhu.

Sabon salo shi ne na masu na'urar buga abu mai jiki, wadda ake kira 3D. Na kamfanonin kirki yana da kyau ƙwarai. Amma akwai masu samo zanen wani su buga a gaggauce, su nuna maka hoton kwamfuta mai santsi a talla. Abin da zai iso maka yana da layi-layi a jiki kamar an jera takardu, wani yana danƙo don ba a gasa shi da haske ya nuna ba, wani an gasa ya wuce kima yana karyewa da an taɓa, siraran sassa kuma sun lanƙwashe a zafin hanya. Hoton kwamfuta ba hoton kaya ba ne, ka nemi na abin da aka buga, kusa-kusa.

Yankan hannu ma bai tsira gaba ɗaya ba, sai dai cutarsa mai sauƙin kamawa ce. Ana sayar da farar roba a ce ta samfur ce alhali PVC ce, irin ta katin banki, wadda gam mai narkarwa ba ya ci. Gwajin ɗigo ɗaya ne: ɗiga gam a kusurwa, ka ɗan jira, ka taɓa da tsinin aska. Sitirin zai yi laushi ya kama askar, PVC zai bushe kamar ba a yi ba. Da wannan gwajin za ka iya samun roba kyauta ma, domin kofunan yogot da wasu marufan abinci masu lamba 6 a cikin alamar kusurwa uku sitirin ne. Sufa-gulu na bakin titi wani ruwa-ruwa ne ba ya kamawa, wani ya daskare a bututu tun a shago, ka sayi ƙarami ka gwada a kan guntun waya kafin ya taɓa aikinka. Mahujin da'ira mai araha kuma ƙusoshinsa ba sa shiga ramin daidai, maimakon ya yanke sai ya tauna robar ya bar gemu a bakin rami, kuma a falle mai 0.13 wannan yaga ne. Shi ya sa na ce a daure a sayi na kirki.

Wajen biya, ka bi hanyar da ke da damar ƙorafi da mayar da kuɗi, kada ka yarda a ja ka gefe a ce ka tura kai tsaye za a rage maka. Tsofaffin shaguna irin Hannants na Ingila, ko shafin kamfanin kansa, sun fi tsada kaɗan amma ka san abin da ke zuwa. Kayan Rasha tun 2022 biyansu da aikensu sun yi wuya, sai ta hannun dillalai, a nan ma a duba dillalin da kyau. In kuna da yawa a gari ku haɗa oda ɗaya ku raba kuɗin aike, fallen roba da sitika ba su da nauyi.

Hotunan da za ka yi aiki da su kuwa ka nemo na jiragen da ke gidajen tarihi na Turai, suna nan birjik a intanet, an ɗauki ɗakin matuƙi ta kowace kusurwa. Kada sha'awa ta kai ka ɗaga waya a bakin sansanin soja a Makurɗi ko Kainji. Ka dai lura cewa jiragen gidan tarihi sau da yawa an cire musu wasu agogunan an bar ramuka, don haka ka gwama hotunan jirgi biyu ko uku na iri ɗaya kafin ka huda fuskar allonka.

In kuɗin bai kai a sayi komai lokaci guda ba, fara da aska da rula da matsefata da falle mai 0.25, su kaɗai za su yi maka allunan gefe da akwatuna. Zagaye na biyu ka ƙara mai 0.13 da takardar Airscale da mahujin da'ira. Kujerar rezin ta jira sai ka tabbatar da irin jirgin da kake haɗawa. Ranar da ta iso, ka ɗauki hoton ledar kafin ka buɗe, ka wanke kujerar da ruwan sabulu mai ɗumi, ka auna faɗinta da ramin da za ta shiga tun wa'adin ƙorafi bai ƙare ba.